Rasuwar Inna a Littafin Yaya

Labarin rasuwar mahaifiyarmu ya iso gidanmu na Kusada ita marigayiyar tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ina nan ranar, na zo mata wuni daga Kankia, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Sai muka ji sallama cikin muryar kuka. Wata tsohuwa ce ta shigo, ƙawar Inna ta ƙuruciya wadda aure ya kai Maraɗi tun kafin a haife ni. Ta yo doguwar tafiya da ƙullin dabino a hannu, ta zo gaisuwar mutuwa. Tana fitowa daga zaure ta yi ido biyu da Inna, ta saki ƙullin.

"Ke! Ashe ba ki mutu ba?"

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "In ma na mutu, ba a faɗa mani ba. Ƙaraso ki zauna."

Sai da ta sha ruwa ta nutsu sannan ta yi bayani. A rediyo ta ji ana hira da wani marubuci. Aka faɗi sunanshi, aka ce ɗan ƙasar Kusada ne, ta gane shi nan take, don da ita aka yi hidimar sunanshi. Tana cikin murna sai ta ji ya ce, "Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta." Daga nan ba ta ƙara fahimtar komai ba, kuka ya ci ƙarfinta, washegari ta nemi mota.

Marubucin nan yayana ne, ɗan farin Inna, ma'aikacin gwamnati a Abuja. Mun san ya rubuta littafi, har mun ji an ba shi kyauta a Legas. Mun yi ta faɗa wa mutane da alfahari. Abin da ba mu yi ba shi ne karantawa, don da Turanci ya rubuta, kuma bai kawo ko ɗaya gida ba. Da na taɓa tambayarshi, cewa ya yi, "Ba zai yi maki daɗi ba, abin masu nazari ne."

Maigidana ya sayo mani shi a Kano. A bango ga Yaya nan da malfa, ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataye hannuwa, yana kallon nesa. A ƙasa an rubuta cewa wannan labarin rayuwarshi ne na gaskiya, da bakinshi.

Ya kamata in faɗi wane ne Yaya kafin in faɗi wane ne mutumin cikin littafin. Babanmu, Allah ya jiƙanshi, tela ne a kasuwar Kusada, yana da kekenshi da gonarshi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Yaya shi ne yaron da ya fi kowa tsaftar kayan makaranta, don Baba ke ɗinka mashi, Inna ta goge da dutsen guga na gawayi. Tsoron shanu yake kamar ranshi. In ya hango shanun huɗa sun shigo lungu, katanga yake hawa. Nono kuma bai taɓa zama a cikinshi ba, ko a fura aka sa mashi sai ya wuni yana zarya.

Shi kau na cikin littafi, a ruga aka haife shi, bayan ƙauyen Boko. Ubanshi ardo ne mai garken da ba ya ƙirguwa, annoba ta cinye shanun, baƙin ciki ya cinye shi. Uwar ta bi bayanshi. Yaron ya tashi maraya a hannun dangi, yana kwana a tsakanin maruƙa, in yunwa ta kama shi ya kafa baki a hantsar saniya. Karatu kuma ta taga ya koya, yana leƙen 'yan makaranta shanu na kiwo a bayanshi. Tagar nan na san ta, akwai ta. Yaya ne monitan ajin, shi malam ke sawa ya kori masu leƙen.

Na so in ɓoye wa Inna, amma ta riga ta karɓi gaisuwar mutuwarta, ta ce dole ta ji yadda aka yi. Haka na riƙa zuwa da la'asar, in zauna a bakin tabarmarta ina karantawa ina juya mata da Hausa.

Na zo inda ya siffanta uwar tashi: doguwa, fara, mai dogon wuya, gashi har gadon baya, in ta ɗauko ƙwaryar nono mutane sai su tsaya kallo. Inna gajera ce, baƙa, kakkaura. Na ɗaga kai ina jiran faɗa. Sai na ga ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Ci gaba," in ji ta.

Shanun da aka ba Baba ma ba su dame ta ba, ta dai ce da ya bar mata ko saniya ɗaya da ta gode. Inda aka samu matsala wajen mutuwar ne. A littafin, ta rasu a gindin gawo ana ruwan sama, babu kowa sai yaron da shanu, wasu matafiya suka taimaka aka rufe ta.

"Matafiya?" Inna ta ajiye gyaɗar hannunta. "Ni da nake da dangi tun daga nan har Rimaye? Wa ya yi mani wanka?"

"Bai faɗa ba, Inna."

"Sadakar uku fa?"

Na duba shafi na gaba. Babu.

"Ko waina ba a toya ba," ta ce a hankali. Kashe ta da ya yi bai ɓata mata rai ba kamar yadda ya kashe ta ba jama'a.

Ni kuma tun farkon littafin nake neman kaina, tunda ni ke bi mashi. Na samu kaina wajen tsakiya. Akwai wata karsana da ya fi so a garken, mai taurin kai, ba ta jin kira, kullum tana cikin gonar mutane. Sunana ya sa mata. Da na faɗa wa maigidana, ya yi dariya har da tari, ya ce ai ga gaskiya nan a littafin, a daina cewa duk ƙarya ne.

Na kira Yaya a waya, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da farko gaskiyar ya rubuta: ɗan tela, firamare, sakandare, jami'a, aiki. Ya kai wa masu buga littafi, suka ce to ina labarin? Wa zai sayi littafi don ya ji yaro ya ci ya ƙoshi ya tafi makaranta? Shi ne ya koma ya fara gyara nan da can, yana gyarawa suna yabawa, har ya waiga bai ga tela ba.

"Ba ƙarya ba ce," in ji shi, "adabi ne. Akwai gaskiyar da ta fi ta abin da ya faru."

"To ga Inna nan, ka faɗa mata da bakinka."

Na miƙa mata wayar, ta kau da kai. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunanshi, ba ta doguwar magana da shi, ko yana gabanta sai dai ta ce mani, "Ki ce wa yayanki." Ranar ma abin da ta ce ke nan: "Ki ce mashi an ji, an gode."

Da kaka sai ga shi ya zo gida ba sanarwa. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ja ni zaure. Wata 'yar jarida ce za ta zo daga Legas jibi, tana son ta ga rugar da aka haife shi da mutanen da suka san shi yana ƙarami. Ya yi ta ba ta uzuri har uzuri ya ƙare. Yana neman ruga. Yana kuma neman Inna ta yarda a ce ita maƙwabciya ce da ta riƙa taimakon maraya.

Na ce ni ba zan kai wannan saƙo ba. Ya roƙe ni har na kai. Na faɗa mata ina sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Wane zanen zan ɗaura?"

Rugar ba ta yi wuya ba. Akwai Bafulatanar da ta daɗe tana kawo mana nono, sun shaƙu da Inna har suna zuwa wa juna biki. Mijinta shi ne ardon rugarsu, can kusa da Boko. Da aka yi mashi bayani ya yi dariya har hularshi ta faɗi. Ya san Yaya tun yana hawan katanga. Ya ce ba komai, ɗan tela ɗansu ne, a kawo baƙuwa.

Baƙuwar ta zo, mace mai fara'a da ladabi, da jakar kyamara a wuya, ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ni aka gabatar a matsayin malamar makarantar garin. Muka tafi rugar da hantsi, shanu na cin karan dawa a gonakin da aka girbe. Ardo ya taho ya rungume Yaya, ya shiga zuba mashi Fulatanci. Yaya bai san komai a harshen ba in ban da gaisuwa. Ya riƙa gyaɗa kai da nutsuwa, yana juya wa baƙuwar cewa dattijon yana tuna mashi da ubanshi da kyawun shanunsu. Daga baya mai nono ta faɗa mana abin da mijin nata ke cewa: ɗan tela, ka yi ƙiba, Abuja ta karɓe ka, ɗaga ƙafarka kana taka kashin shanu.

Aka zo ɗaukar hoto. Ardo ya zaɓo saniyar da ta fi kowace sanyin hali, tsohuwa, ko ƙuda ba ta kora da ƙarfi. Yaya ya tsaya kusa da ita da sanda, gumi na bin wuyanshi. Saniyar ta juyo ta lashi gwiwar hannunshi. Ya runtse ido, ya sandare, leɓɓanshi na motsi. Ni na san addu'ar neman tsari yake. Baƙuwar ta dafe ƙirji ta ce dabba ba ta mance nata.

Sannan ta tambayi inda kabarin mahaifiyarshi yake. Wannan ba mu shirya mashi ba. Ardo bai ko yi jinkiri ba, ya nuna wani gawo can bakin gona. Muka ɗunguma. Aka ɗaga hannu, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai Inna ƙarfin amin. Da na harare ta, ta raɗa mani, "Bar ni, ai za ta yi mani amfani wata rana."

A inuwar gawon aka shimfiɗa tabarma, baƙuwar ta kunna abin ɗaukar magana ta fuskanci Inna. Yaya ne tafinta. Ta tambaya ko ta san mahaifiyarshi.

"Na san ta ƙwarai," in ji Inna. "Ba abin da take ɓoye mani."

Wace irin mace ce?

"Ba a yi irinta ba a ƙasar Kusada. Ga tsafta, ga haƙuri. In ta yi tuwo har maƙwabta sai sun san ita ta yi. Mijinta bai san darajarta ba sai daga baya. Dangin miji kau, Allah dai ya yafe masu."

Yaya yana juyawa yana share gumi. Ni ina cizon mayafi kar dariya ta kuɓuce mani. Sai baƙuwar ta tambaya ko marigayiyar tana son ɗan nata sosai.

Inna ta kalli karan da ke gabanta, ba ta kalli kowa ba.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Ba ta da bakin faɗa. Amma akwai shekarar da ƙyanda ta kama shi, idonshi ya rufe, jikinshi kamar garwashi. Uwar miji ta ce a bar shi a ɗaki a yi ta jiƙo. Ita kau ta jira aka fita, ta goya shi ta kama hanyar Kankia a ƙafa, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta yi nisa kafin Allah ya kawo wata motar kaya. Da suka dawo daga asibiti, gari duk aka yi ta yi da ita, wai ba ta da kunya, ta nuna son ɗan fari a fili. Tun daga ranar ta ƙara kama kanta."

Yaya ya juya rabin maganar ya tsaya. Inna ba ta jira shi ba.

"Ba ta taɓa kiran sunanshi a gaban mutane ba. Sai in tana daka. Ta sunkuya ta faɗe shi a cikin turmi, ƙarar taɓarya ta rufe. Ranar da zai tafi makarantar kwana, kowa ya raka shi bakin hanya ban da ita. Aka ce ai ba ta damu ba. Tana bayan rumbu, tana leƙen ƙeyarshi har motar ta ɓace. Akwai wata tsohuwar rigarshi da ya bari, ba ta wanke ta ba har ya dawo hutu."

Yaya ya sa fuska a tafin hannu ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa ganin babban mutum ya yi ba. Baƙuwar ta dube ni, don a samu mai ƙarasawa. Na ƙarasa. Sai dai uwar littafi ta mutu tun kafin a kai ga makarantar kwana, don haka na mayar da ita ranar da ya fara fita kiwo shi kaɗai. Ashe abin ba wuya, in an fara.

Baƙuwar ta ɗauki hotonshi yana kukan. Shi aka buga babba a jaridar, da bayanin maraya a kan kabarin uwarshi. A gefen hoton ana ganin gwiwar Inna da bakin zanenta.

Inna kau tana gama maganar ta miƙe ta karkaɗe zane, ta ce rana ta yi, a dama wa baƙuwa fura.

Asirin bai tonu daga wajenmu ba, bai kuma tonu daga ruga ba. Wani ɗan ajinsu Yaya ne, mai shagon magani a Kankia, ya ga jaridar a waya, murna ta kama shi. Ko karantawa bai tsaya yi ba. Ya lalubo wani tsohon hoto na ranar rabon kyauta a firamare, ya sa a intanet yana alfahari da abokinshi. Ga Yaya nan da gogaggun kaya da farar safa, ga Baba a gefenshi da tef ɗin awo a wuya, don daga shago ya taho. Mutanen gari suka shiga yi wa Baba addu'a a ƙarƙashin hoton, wasu na cewa har yanzu suna da rigar da ya ɗinka masu, wata ta ce a gaishe da Inna, jiya ma ta gan ta a gidan suna. Cikin 'yan kwanaki magana ta kai Legas. Aka karɓe kyautar, aka janye littafin daga kasuwa. Baƙuwar nan ta sake rubutu, wannan karon ba fara'a, kuma ban ga laifinta ba.

Yaya ya ɗauki hutu ya dawo gida, ya tare a ɗakin zaure. Mutanen Kusada ba su tsane shi ba, sun dai samu abin yi. In ya fita masallaci sai ka ji, "Ardo, ya garke?" Wani ya ce, "Maraya, ya jikin Inna?" Ya amsa da lafiya lau ya wuce. Ya rame. Inna ba ta taɓa ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Abinci dai take aika mashi, ta tambaye ni ko ya ci.

Wata rana na same shi zaune a dakali, ya ce mani, "Abin da ta faɗa a gindin gawon nan, ya faru kuwa? Ko ita ma shiryawa ta yi?"

Na ce ga ta can, ya je ya tambaye ta. Ya girgiza kai. Sai ni na shiga na tambaya, don ni ma abin yana cina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Wannan ai marigayiya ce," ta ce. "Ni ina ruwana?"

Ana gobe zai koma Abuja, Inna ta ce mani, "Ki ce wa yayanki ya zo da abin rubutu." Ya shigo ya zauna nesa kaɗan, yana zaton ranar hisabi ce ta zo. Ta juya gefe tana kallon bango, ta ce tunda an ce ya iya, kuma yanzu ba ya da aikin littafi, to ya rubuta nata tarihin tun tana da sauran tunani. Ita za ta faɗa, shi ya rubuta, da Hausa, kar ya ƙara ko kalma.

Ya ce to, da sauri, har da gyara zama.

"Rubuta," in ji ta. "An haife ni a Rimaye, a gidan wadata. Mahaifina bafatake ne, raƙumanshi na zuwa har Agadas."

Yaya ya ɗaga biro. Ya dube ni, na dube shi. Kakanmu mai haƙar rijiya ne, mun taso mun same shi.

"Inna," ya ce a hankali, "ni dai jaki ɗaya na sani a gidan Kaka. Shi ma yana ɗingishi."

Ba ta juyo ba. Ni ta fuskanta.

"Tambaye shi, da yake rubuta nashi, wa ya tsaya mashi a ka?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya rubuta. Da ya kai ƙarshen layin ya tsaya, ya tambaya cikin ladabi ko raƙuman nawa zai sa.

"Ki ce mashi ya sa da yawa," in ji Inna. "Amma kar ya wuce misali, mutanen Rimaye za su karanta."